Tambayoyin da muke yi in 'yarmu ta fara sauka daga goyo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan tambayoyin ba ni na ƙirƙire su ba, sune dai waɗanda kullum sai an yi su in mata sun haɗu, a layin awo, a gidan suna, a wajen mai kitso, ko in an tashi daga Islamiyyar matan aure ana tafe ana hira. Ni uwa ce kawai a nan cikin garin Bauchi, ba likita ba, 'yata ta fari yanzu shekararta uku da wata huɗu, sunan Hajiyar maigida aka saka mata shi yasa muke ce mata Ummi. Wani abin a bakin ma'aikatan asibiti na ji, wani a bakin tsofaffi, wani kuma sai da na sha wuya na gane. Duk inda nace a je asibiti to da gaske nake.

Wai daga yaushe ne yarinya ta daina zama jaririya?

In lissafin asibiti ne, kwana 28 na farko shine sabuwar haihuwa, daga nan har ta cika shekara ɗaya tana cikin jarirai, bayan haka ta shiga sahun ƙananan yara. Mu a gida ba da kalanda muke lissafi ba, an yi arba'in, ta fara zama, ta fara rarrafe, ta miƙe da bango, ana mata tatata, sai yaye wanda shine babbar iyaka.

Amma in kin tambaye ni, uwa ce ta ƙarshe wajen ganewa. Ni a bakin kasuwar Wunti na gane tawa, mun gama cefane na durƙusa na warware zani zan goya ta kamar kullum sai ta ture hannuna tace "a'a, ni taka", ta kama gefen hijabina muka taho a ƙasa, tafiyar da zan yi a minti biyar zuwa wajen masu keke napep sai da muka yi kusan ashirin saboda duk dutsen da ta gani sai ta tsaya sun gaisa. Na iso gida da zanin goyon a cikin ledar cefane tare da tumatir.

Sa'anninta duk sun tashi, tawa har yanzu rarrafe take. Akwai matsala ne?

Yawancin yara suna sakin hannu su taka tsakanin wata 9 zuwa wata 18, kinga kuwa tazara ce mai faɗi, kuma ranar da zasu shiga firamare babu malamin da zai iya nuna miki wadda ta riga wata tashi. Abin da zai sa ki ɗauki hijabi ki tafi asibiti shine in ta kai wata 9 bata iya zama da kanta ba, ko ta cika wata 18 bata taka ba, ko kin lura gefe ɗaya na jikinta baya aiki kamar ɗayan, ko abin da ta iya a da ta daina iyawa. Wannan na ƙarshen kar ki jira sai wani satin.

Goyo baya hana tafiya kuma baya sa ƙafa ta yi baka, 'yar lanƙwasar da ake gani yawanci da kanta take miƙewa wajen shekara biyu, in ƙaruwa take bayan nan sai a duba ƙashinta. Keken robar nan da ake zaunar da yaro a ciki ƙafarsa na reto baya koyar da tafiya, faɗuwa yake jawowa, har ƙasar Kanada ta hana sayar dashi tun 2004. Na katakon nan mai taya uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke turawa a tsaye, ya fi min shi nesa ba kusa ba, in dai babu murhu ko rami a tsakar gidan.

Wata nawa ya kamata in yaye ta?

Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma a cikin ayar dai aka ce in uwa da uba suka yi shawara suka yarda da yaye babu laifi a kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma kusan abin da take faɗa kenan, nono zalla wata shida ko ruwa babu, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da bada nonon har shekara biyu ko fiye. Zancen wai in yaro ya daɗe yana sha zai zama dolo, zance ne kawai.

Lokacin da kika zaɓa ya fi yawan watannin muhimmanci a wajena. Kar ki yaye ta tana ciwo ko ta tashi daga ciwo kenan, kuma in da hali ki guji tsakiyar zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙyanda da sanƙarau ke yawo, ga ƙishirwa. Sannan ki tabbata tana cin abincin gida sosai kafin nan, na yi bayaninsa a amsar abinci a ƙasa.

A kai ta gidan kaka ne ko in yaye ta a ɗakina?

Al'adar da muka taso muka gani ita ce a ɗauke yarinya rana ɗaya a kai ta wajen kaka ko goggo, wasu gidajen a karɓo rubutu wajen malam a yi sadakar masa, ta yi sati biyu ko wata ɗaya sai ta manta a dawo da ita. Ni ma haka na yi, tana da shekara ɗaya da wata tara Abbanta ya ɗauke ta ya kai ta Azare wajen Innata, nace zan iya. Wallahi daren farko ban runtsa ba, ga ƙirji ya cika ya yi tauri kamar dutse ga ɗaki ya yi shiru, sai in farka ina laluben gefena. Ita kuma can kwana uku tana kuka bata karɓar komai sai ruwa, Inna ce ta ɓoye min sai daga baya na ji. Da na je ɗauko ta sai ta ɓuya a bayan zanin Inna tana leƙena, da aka ce je ki ga Mamanki sai tace "Anti". Kowa ya yi dariya har da ni, amma a mota na yi kukana.

In Allah ya sake bani ba haka zan yi ba. A hankali zan bi, in fara cire na rana ɗaya bayan ɗaya ina maye gurbinsa da abinci, in bar na dare ya zama na ƙarshe, a cikin sati uku ko huɗu, saboda rasa nono da rasa uwa a rana ɗaya sun yi wa ƙaramin mutum yawa. Amma bana cewa gidan kaka laifi ne, in kakar a gida ɗaya kuke ko yarinyar ta saba da ita tana kwana a wajenta to abin yana zuwa da sauƙi, kuma wata uwar bata da zuciyar da zata hana in yarinyar na gabanta. Shafa maɗaci a nono don ta ƙyamace shi tsohon abu ne, amma barkono ko man zafi don Allah a bari.

Ke kuma uwa, in ƙirjin ya cika ki tatse kaɗan daidai yadda zaki samu sauƙi, kar ki tatse duka don ƙara kawowa zai yi, ki ɗora tsumma mai sanyi. In wani waje ya yi ja yana zafi kina zazzaɓi to asibiti.

Na samu ciki tana shan nono, an ce nonon ya zama guba. Gaskiya ne?

Ba gaskiya bane. Nonon mai ciki baya lalacewa, zai dai iya raguwa kuma ɗanɗanonsa ya canja in cikin ya yi nisa, wasu yaran ma da kansu suke saki. Abin da ke sa ɗan kwanika ya lalace shine a cire shi a nono rana ɗaya cikin ruɗewa da kunya, a bar shi da kunu tsararo, ga uwa na fama da laulayi babu mai zama ya lallaɓa shi ya ci. Kalmar kwashiyoko ma da ma'aikatan lafiya ke faɗa daga harshen Ga na ƙasar Ghana ta fito, ciwon yaron da aka ture saboda ƙani ya zo, kinga ba mu kaɗai muka san abin ba.

Ki faɗa musu a wajen awo cewa kina shayarwa, in kina zubar jini ko kin taɓa haihuwar bakwaini ko tagwaye ne a cikin su zasu ce miki ki dakata. In kuma yayen ya zama dole ki bi a hankali kamar yadda nace a amsar da ta gabata. Kishi kuwa sai ta yi shi, zata koma shagwaɓa, tace sai an goya ta, har fitsari a wando zai iya dawowa, kar ki ce mata "ke yanzu babba ce" sau hamsin a rana, shekararta biyu fa.

Tunda aka yaye ta ta ƙi abinci, sai shayi da biskit. Me zan bata?

Fara da sanin cewa cin ya ragu ne saboda girman ya ragu. A shekarar farko nauyin jariri yana ninkawa kusan sau uku, bayan nan kilo biyu ko uku kacal take ƙarawa a shekara, to ba zata ci kamar da ba. Cikinta kuma ƙarami ne, abinci sau uku ko huɗu da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani ya fi ki cika kwano ki danne ta kina ɗura. Ɗura ma haɗari ne, yana iya bin hanyar numfashi.

Ba sai kin sayi na gwangwani ba. Kunun gero ko dawa da aka niƙa da soyayyen waken suya da gyaɗa, wanda a asibiti suke kira Tom Brown, a dama shi da kauri ba tsararo ba. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa a marmasa kifi a ciki a cire ƙaya, faten wake da manja, ƙwai, awara, alale, kabewa, zogale, dankalin Hausa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya yi, ga masarmu ta Bauchi da miyar taushe wadda ban taɓa ganin yaron da ya ƙi ta ba. Ki zuba mata a kwanonta daban don in cikin yayye ta sa hannu kafin ta kai loma biyu sun sharce, amma ki zaunar da ita kusa dasu, yaro da ganin wani yake ci. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, ga shi yana cika ciki, in an sha shi da biskit ƙarfe goma to an gama da abincin rana. Gyaɗa ɗai-ɗai da aya da alawa mai tauri suna shaƙe yara, a daka ko a bari sai ta girma.

In kina ganin ramewa take, a asibitin unguwa akwai 'yar igiyar awo da suke naɗawa a damtse, kore lafiya, rawaya a kula, ja wato ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani kuma akwai maganinta. Kumburin ƙafa biyu ko gashi ya yi ja ya yi laushi shi ma kar a zauna.

Gudawa da zazzaɓin nan ba na haƙori bane?

Wannan tambayar ta cinye yara da yawa. Haƙoran nono guda 20 ne, suna fara fitowa wajen wata shida su gama wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, wato kusan duk ciwon da yarinya zata yi a wannan tsakanin zaki samu wani haƙorin na hanya, sai a ɗora masa laifi. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima da ɗan ɗumin jiki, amma baya sa zazzaɓi mai zafi kuma baya sa gudawa kamar ruwa. Gudawar daga abin da take ɗauka a ƙasa tana kaiwa baki ne. Maganin haƙorin kemis ma a yi hattara, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani mai suna My Pikin da aka samu guba a cikinsa ya kashe yara 84 a ƙasar nan.

In gudawa ce ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jiki, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma ki ci gaba da bata abinci. In zazzaɓi ne a yi gwajin jini kafin a sha maganin maleriya. In kuma jijjiga ta zo, ki kwantar da ita ta gefe, kar a cusa cokali a baki, kar a ɗura komai, kar a turara hayaƙi, a tafi asibiti ko da ta tsaya da kanta.

Ba a wata tara ake gama rigakafi ba?

Da yawanmu haka muka ɗauka, a yi na wata 9, wato ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai a jefa katin a ƙasan akwati. Akwai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Akwai kuma ɗigon bitamin A duk wata shida har shekara biyar, da maganin tsutsar ciki daga shekara ɗaya. In kin makara ki je haka nan, ba'a sake farawa daga farko, ɗorawa ake yi.

Da damina kuma masu bi gida-gida suna kawo maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, duk wata, na kwana uku, ranar farko a gabansu sauran biyun ke zaki bayar, kuma anan ake sakaci. Baya hana kwana a gidan sauro.

Shekararta biyu bata magana sosai, ko don harshe biyu muke yi a gida?

Harshe biyu baya hana magana. A jihar nan gidaje nawa ne ake Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Jaranci ko Sayanci, kuma yaran suka tashi da duka biyun? Zata cakuɗa su da farko, daga baya ta ware. Abin lura shine wajen shekara ɗaya ta fara 'yan kalmomi irin su Mama da Baba, tana nuna abu da yatsa, tana juyowa in an kira sunanta, wajen shekara biyu kuma tana haɗa kalma biyu kamar "ba ruwa" ko "Abba tafi". In babu waɗannan a fara da duba kunnenta, musamman in ta taɓa sanƙarau ko shawara mai tsanani tana jaririya ko kunnen na yawan zubar da ruwa.

Maganin da na sani shine surutu. Ki dinga mata magana kina tsintar shinkafa, kina wanki, ki bari ta amsa da gwarancinta kar ki ƙarasa mata. Tawa da bakin ya buɗe sai ga Hausar Bauchi tsantsa, "mota na", "riga na", 'yan uwan Abbanta na Kano suna ta gyara mata wai "rigata", nace ku bar min 'yata a garinsu take.

Yaushe zan cire mata famfas, kuma fitsarin kwance fa?

Iyayenmu tun yaro na wata biyar suke ɗora shi a ƙafa, famfas ne ya sa muka yi lalaci, ga tsada. Yawanci tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku take shiryawa, alamar ita ce tana daɗewa a bushe, tana ɓuya in zata yi kashi, tana jan wandon in ya ɓaci. Ki sai mata fo ki ɗora ta da safe da bayan cin abinci, kar ki haɗa shi da satin yaye ko satin haihuwa. Tsarkin 'ya mace daga gaba zuwa baya ake yi, ki koya mata tun yanzu.

Na dare daban ne, ba da gangan take yi ba, kuma kafin shekara biyar ba'a ma kiransa matsala. Ki shimfiɗa leda, ki kai ta ta yi kafin barci. Tara yara suna kiranta amalala ko tsoratar da ita da kwaɗo babu abin da yake ƙarawa sai tsoro. In ta daina na watanni sai ya dawo tare da kuka wajen fitsari ko yawan shan ruwa, a gwada fitsarin.

Komai "a'a", komai birgima a ƙasa. Sangarta ce? In fara duka?

Yarinyar da ta gane ita mutum ce daban da ke, kuma bata da kalmomin da zata faɗi abin da ke ranta, birgima zata yi. Yawanci yunwa ce ko barci ko gajiya, yara masu shekara ɗaya zuwa biyu suna buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya har da na rana, mu kuma sai mu kai sha ɗayan dare dasu a gidan biki. In ta fara ki kawar da abin da zai ji mata ciwo ki ƙyale ta, in ta gama ki ɗauke ta, amma abin da kika hana ya zauna a hane, don in kuka ya taɓa buɗe firij sau ɗaya to ta samu mukulli.

Duka a wannan shekarun ni ban ga abin da yake koyarwa ba sai duka, ranar da na ɗaka wa Ummi a cinya da yamma na gan ta tana ɗaka wa 'yar maƙota irinsa, har da harara irin tawa. Kuma don Allah a daina cewa "zan kai ki a miki allura", ke ce zaki sha wahala ranar rigakafin da na ambata a sama. Akwai yaran da in sun yi kuka sai su shiɗe na ɗan lokaci, yana da ban tsoro amma yawanci yana wucewa, karon farko dai a kai ta a duba har da yawan jininta.

Kitso, kwalli da lalle fa, daga yaushe?

Kitso in gashin ya kamu, amma manya kuma sakwa-sakwa, kitson da ya sa goshi ya ɗaga ko ƙuraje suka fito a gefe shi yake cinye gashin gaba tun tana ƙarama. Man saki gashi kam a bari. Kwallin dutse na gargajiya sau da yawa akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, nasan Hajiya zata ce duk da shi aka raine mu, ni dai na ɓoye tandun. Jan lalle na ganye da sallah ba laifi ga yawancin yara, baƙin nan mai haɗin rini shine yake ƙona fata.

In na bata waya tana yin shiru in samu in yi aiki. Laifi ne?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ƙasa da shekara biyu babu kallo, daga biyu zuwa huɗu kar ya wuce awa ɗaya a rana. Ni ma ina bayarwa in tuwo na kan wuta, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba'a ci da ita, ba'a barci da ita, kuma in maganarta na baya to wayar ce farkon abin da zaki janye, duba amsar magana.

Yanzu da take yawo ko'ina, me na fi tsoro a cikin gida?

Kalanzir ko fetur a robar lemo ko ta ruwa, shine na ɗaya. In ta sha kar a sa ta amai, kar a ɗura manja ko madara, aman ne yake kai shi huhu, a tafi asibiti da robar. Sai maganin sauro da na ɓera da maganin Hajiya na hawan jini da ke kan taga. Sai ruwa, rijiya a rufe da murfi mai nauyi, bokiti da baho ma in da ruwa a ciki sun isa, yaro da ka yake faɗawa kuma baya ihu. Sai ruwan zafi da man suya da aka sauke a ƙasa, in ta ƙone ruwa mai sanyi zaki ta zubawa kamar minti ashirin, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba. Ƙofar gida kuma a saka sakata sama, masu babur basa ganin ɗan mutum.

Yaushe zan saka ta makaranta da Islamiyya?

Firamare a tsarin ƙasar nan sai yaro ya shekara shida ake shiga, duk abin da ke ƙasa da haka share fage ne, to in an kai 'yar shekara biyu da jaka ta fi ta girma ana bata aikin gida, wannan don mu ne ba don ita ba. In aiki ya sa dole ki kai ta, ki duba tsaftar banɗaki da yawan yaran da ke hannun malama ɗaya kafin ki duba fentin gini. Ki karɓar mata takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yanzu, za'a nema.

Islamiyya yawanci da bin yayye ake farawa, ta je ta yi barci a cinyar wata ta dawo da rabin Fatiha, ya isa. Hadisi ma shekara bakwai ya ce a umarce su da sallah. Ɗan hijabin ta saka don sha'awa, in zafi ya dame ta ta cire. Abin da na fi ba ƙarfi a wannan shekarun shine ta san jikinta nata ne, waye ke mata tsarki waye baya yi, kuma duk wanda yace "kar ki faɗa wa Mama" to shi za'a fara faɗa min. Aike ita kaɗai ko shagon ƙofar gida ne ban yarda ba tukuna.

Babanta yace renon 'ya mace aikina ne. Me zan ce masa?

Kar ki ce masa komai da faɗa, ki miƙa masa ita in ya dawo daga masallaci ki shige kicin. In kuma mai son hujja ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) yana sallah ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauke ta, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya reni 'ya'ya mata biyu har suka balaga zai zo ranar ƙiyama tare da shi, ya haɗa yatsunsa. Bayan yaye ma yawanci wajen uban suke komawa, Ummi yanzu ƙarar mashin ɗinsa take ganewa tun daga kwanar layi, ni na zama mai dafa abinci.

Kowa na min barka ta girma, ni kuma wani abu ke tokare min ƙirji. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai bace, faɗa ne bama yi, balle in 'yar fari ce. An koya mana kunyarta, kar ki kira sunanta, kar ki ɗauke ta a gaban surukai, kar a ga kina mata wasa, a gidajen da ke da jinin Fulani ma abin ya fi tsanani. Ni a gaban Hajiya "yarinyar nan" nake cewa har yau, in ta faɗi sai in yi kamar ban gani ba sai wani ya ɗaga ta. Kunyar tana da kyaunta, ita ta sa kakanni da goggonni suke jin yarinyar tasu ce, Hajiya na kiranta kishiya Alhaji na kiranta amarya ana ta raha. Amma watannin da kika yi kina kawar da kai basa dawowa, shi yasa da an rufe ƙofar ɗaki nake rama abina, in sumbace ta in kira sunanta na yanka. Aƙra'u bin Habis da yace yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da Annabi (SAW) ya bashi ita ce wanda baya jin ƙai ba za'a ji ƙansa ba. In dai baƙin cikin ya wuce na kewa, kin daina barci kin daina cin abinci sati biyu ko fiye, wannan kuma ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya.

Watan jiya na zauna ware kayanta da suka yi kaɗan zan ba ƙanwata da ta haihu a Misau, 'yan safa, hular sanyi, rigar suna, na cika jaka guda na ɗaure, zanin goyon nan na Wunti kaɗai na cire na tura ƙasan filo. Da la'asar na fito na same shi a tsakar gida, ta jawo shi ta goya takalmin Abbanta ƙafa ɗaya, zanin na jan ƙasa, tana zagaye turmi tana jijjiga shi tana bubbuga bayansa, wai "yi shiru, nono ya ƙare, gobe a kai ka Azare".